Yadda za ka ciyar da zomonka lokacin biki ba tare da cikinsa ya ɓaci ba

Shekara biyu kenan da faruwar abin amma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Ranar biki ce gida ya cika maƙil, yara sun zagaye kejin zomayena suna ta murna, ni kuma ina can kicin ban san wainar da ake toyawa ba. Ashe kowane yaro da abin da yake tura musu ta ramin waya, wannan biskit, wancan gutsuren kek, wata ma har da alawa. Washegari da safe na tarar da macen, wadda nake kira Fara, ta takure a lungu ido a lumshe, ciyawar da na zuba mata da daddare tana nan yadda na barta, kuma babu sabon kashi ko ƙwaya ɗaya a inda ta saba yi. Na miƙa mata ganyen na'a-na'a wanda kullum sai ta fizge shi daga hannuna, ta kau da kai. Kwana uku muna zirga-zirga wajen likitan dabbobi, ana mata allura ni kuma ina ɗura mata abinci da sirinji duk bayan 'yan awanni har cikin dare, kafin Allah ya sa ta dawo daidai. Kuma yaran nan ba mugunta suka yi ba fa, so ne, a ganinsu tunda kowa na cin daɗi ai zomo ma ya kamata ya ci.

Shi kuwa zomo bai san wani abu wai shi biki ba, abin da ya ci jiya shi cikinsa yake jira yau, a lokacin da ya saba. Dalili kuwa shi ne yadda aka halicci cikin nasa. Akwai wata babbar jaka a hanjinsa cike da ƙwayoyin bakteriya masu amfani, su ne ke narka masa ciyawa, kuma sun saba da abinci mai zare-zare wanda likitoci ke kira faiba. Da zarar sukari ko sitaci ko maiƙo ya shiga da yawa sai waɗannan ƙwayoyin su rikice, marasa amfani su yi yawa, iska ta taru a cikin, ciwo ya sa zomon ya daina ci, rashin cin kuma ya sa hanjin ya ƙara tsayawa, haka abin zai yi ta zagayawa har ya kai shi ƙasa. Sannan zomo ba ya iya amai sam. Kare in ya ci abin da bai karɓe shi ba yana iya amayar da shi ya huta, zomo kuwa duk abin da ya haɗiye sai ya bi ta hanjin nan har ƙarshe.

Mataki na farko, ka yi tanadi tun saura sati biyu

Ka sayi busasshiyar ciyawa da felet, wato ƙwayoyin abincin zomo na kamfani, wanda zai kai ku har bayan biki da kwanaki, kuma irin wanda suka saba ci, kamfani ɗaya samfuri ɗaya. Abin da ke yawan faruwa shi ne abinci ya ƙare ana tsakiyar hutu, shagon da ka saba zuwa a rufe, sai ka ɗauko duk wanda ka samu ka juye musu, to wannan canjin na dare ɗaya kaɗai ya isa ya kawo zawo ko ya sa su ƙi ci. Canza felet ana yinsa ne a hankali cikin sati 2 zuwa 4, kana rage tsohon kana ƙara sabon kaɗan kaɗan, don haka lokacin biki ba lokacin gwada sabon abu bane.

A wannan satin ne kuma za ka kira asibitin dabbobin da kake zuwa ka tambaye su ranakun da za su rufe, da kuma wa ake kira in abu ya taso da dare ko ranar hutu. Ka tambaya ko likitan yana duba zomaye, don ba kowane likita ya saba da su ba, wasu karnuka da kuliyoyi suka fi sani. Ka rubuta lambar ka manna a jikin keji, kar ka barta a waya kawai, ƙila ba ka gida lokacin da za a buƙace ta.

Mataki na biyu, ka riƙe ma'aunin kullum kar ka ƙara kar ka rage

Kusan kashi 85 cikin ɗari na abincin zomo ciyawa ce, busasshiya ko ɗanya, kashi 10 ganyayyaki, kashi 5 kacal felet. A aikace, kowace rana ka ba shi tarin ciyawa da ya kai girman jikinsa aƙalla, kuma kar ta taɓa yankewa a gabansa dare da rana. Ganye kamar cikin tafin hannun babba, a wanke, nau'i daban-daban a haɗe. Felet kuma giram 25 ga kowane kilo ɗaya na nauyinsa, wato zomo mai kilo 2 giram 50 ya ishe shi a yini, ni nakan raba biyu safe da yamma.

Ciyawar nan ba don ciki kaɗai ba ce. Zomo yana da haƙora 28 kuma dukkansu girma suke yi har ya mutu, na gaban suna ƙara kamar milimita 2 a sati, taunar ciyawa ce ke goge su. In ya ƙoshi da kayan daɗi ya bar ciyawa, haƙoran ba za su jira shi ba. Kuma don Allah a kiyayi abincin nan mai kala-kala da ake haɗa hatsi da masara da busassun 'ya'yan itace, wanda ake sawa a leda mai kyau musamman lokacin biki kamar kyauta. Zomo tsintar masu zaƙin yake ya bar masu amfanin, kuma binciken da aka yi a Jami'ar Edinbura wanda aka fitar a 2013 ya danganta irin wannan abincin da matsalar haƙora da ta ciki da kuma ƙiba. Haka sandunan nan na iri da aka manne da zuma, da alawar yogot da ake saidawa da hoton zomo a jiki, hoton kawai ne nasa.

Mataki na uku, ka raba shi da hannun baƙi

Nan ne ni na yi sakaci, don haka a nan zan fi tsayawa. Kwana biyu ko uku kafin mutane su fara zuwa ka mayar da kejin ɗakin da ba a shiga, mai iska, nesa da kicin da inda ake cin abinci. Na ce kwana biyu ko uku ne saboda shi kansa sauyin wuri yana tayar masa da hankali, gara ya saba kafin hayaniya ta haɗu da shi. Ka tafi da duk kayansa, kwanonsa, akwatin da yake ɓuya a ciki, har da ɗan tsohon shimfiɗinsa mai warinsa. In zomaye biyu ne da suka shaƙu kar ka raba su.

Sai ka kafa doka ɗaya ka faɗa wa kowa tun daga bakin ƙofa, babu mai ba zomo komai sai ta hannunka. Kar ka ji nauyin manya, su ma suna yi, wani zai ce ai ɗan burodi ne kawai me zai yi masa. Yara kuma hana su kwata-kwata ba ya aiki, za su bi ta bayan idonka. Abin da nake yi yanzu, da safe nakan ware ganyen ranar in sa a ƙaramar roba, duk yaron da ke son ciyar da zomo sai ya zo mu je tare, ya zauna a ƙasa ya miƙa ganye ɗaya ko biyu, ba ɗauka ba runguma. In robar ta ƙare shikenan sai gobe. Yaran sun fi jin daɗin haka ma, don suna ganin yadda ganyen ke shigewa baki sannu sannu kamar ana zuƙe zare, hancin na motsi, kuma ni na san adadin abin da ya shiga cikin.

In zomonka mai yawo ne a falo, to ranar taro ka killace shi. Abin da ke zubowa ƙasa daga faranti da hannun yara ya fi abin da ake ba shi da gangan yawa. Bayan an watse ka share ƙasa tas, ka leƙa ƙarƙashin kujeru, tukunna ka sake shi.

Mataki na huɗu, ka san abin da bai kamata ya ci ba ko kaɗan

Cakulan shi ne a gaba, yana ɗauke da sinadaran tiyobromin da kafeyin waɗanda ke bugun zuciya da jijiyoyi, kuma baƙin cakulan mai ɗaci ya fi haɗari. Zomo jikinsa ƙarami ne, abin da kai za ka kira ɗan gutsure a wajensa babban abu ne. Albasa da tafarnuwa da duk danginsu suna lalata jajayen ƙwayoyin jini, kuma ka tuna kusan duk abincin da aka dafa akwai su a ciki. Fiya, wato abokado, akwai guba a cikinta mai suna fasin, a ɓawo da ƙwallo da ganye har da naman. Dankalin turawa ɗanye ko dafaffe ko ɓawonsa, a'a, sitaci ne zalla kuma koren wajen da tsiron suna da guba. Ganyen tumatir da karansa ma haka. 'Ya'yan cikin tuffa da ƙwallon 'ya'yan itace irin su ceri da fic a cire su.

Sai waɗanda ba guba bane kai tsaye amma su ne suka fi kwantar da zomaye saboda mutane na ganinsu ba komai: burodi, biskit, kek, taliya, shinkafa, gugguru, gyaɗa da duk wani abu mai mai, alawa, busasshen inabi da sauran busassun 'ya'yan itace waɗanda sukarinsu a dunƙule yake. Ƙwayar masara ɓawonta ba ya narkewa, tana iya toshe hanji. Nama, ƙwai, madara, cuku, duk ba nasa bane, shi ganye kaɗai aka yi cikinsa ya sarrafa. Lemon kwalba da shayi da kofi da giya kuwa kar a bar kofi a ƙasa inda zai kai baki.

Mataki na biyar, ragowar kicin

Lokacin biki ana yanka kayan lambu da yawa, to ba laifi ya samu rabonsa amma da sharaɗi: ɗanye, wankakke, kafin ya taɓa gishiri ko mai ko miya, kuma wanda ya taɓa ci a baya. Ganyen karas, na'a-na'a, ɗoɗɗoya, fasili, seleri a yanka shi gajere saboda zarensa, ɗan koren tattasai ba 'ya'ya, latas mai duhun kore. Farin latas ɗin nan mai dunƙulewa kamar kabeji ka bar shi, ruwa ne kawai kuma yana sa zawo. Kabeji da burokoli kaɗan kaɗan don wasu zomayen suna tara musu iska. Salak da aka riga aka haɗa da mayonis ko albasa, ko ka wanke bai halatta ba. Duk ganyen da ya yi yaushi ya fara wari ko ya kwana a leda ya yi zafi, bola.

In akwai ganyen da bai taɓa ci ba kuma kana so ka gwada, ka bari sai bayan biki. Ana ba da sabon ganye ne guda ɗaya, ɗan kaɗan, a jira awa 24 a ga yadda kashi zai fito, kai kuma a wannan hidimar ba ka da nutsuwar sa ido. Ƙananan zomaye da ba su kai wata 3 ba cikinsu ya fi na manya laushi, su kam a tsaya kan abin da suka saba ci kawai.

Mataki na shida, in zuciyarka ta matsa sai ka yi masa kyauta

Na sani, ni ma ina jin haka, kowa na murna kana so shi ma ya ji a jikinsa. To ɗan yankan tuffa ba 'ya'ya, ko yankan ayaba siriri, ko karas kamar tsawon gaɓar yatsa, wanda duka bai wuce cokalin shayi ɗaya zuwa biyu ba, kuma ba kullum ba. Karas ɗin nan da kowa ke ɗauka shi ne abincin zomo, zaƙi ne da shi, matsayinsa matsayin alawa. Abin da ya fi burge nawa ma ba zaƙi bane, nakan samu kwalin da ke tsakiyar tishu in cusa ciyawa a ciki tam da 'yan ganyen na'a-na'a a tsakiya in jefa musu, sai ka ga suna wurgi da shi suna tonowa, awa guda suna abu ɗaya kuma ciyawa suke ci.

Mataki na bakwai, kayan ado ma abinci ne a idonsa

Zomo da baki yake bincike. Wayar fitilun ado cizo ɗaya zai raba ta biyu, ga ƙunar baki ga shokin, don haka a ɗage ta sama ko a zura ta cikin bututun roba mai kauri. Zaren ƙyalƙyali, ribon, balan-balan da ya fashe, ledar naɗe kyauta, salatif, kyandir, duk in ya haɗiye suna iya tsaya masa a hanji. Furanni da ganyen da ake kawowa na ado da yawansu guba ne gare shi, irin su kauci, holi, aibi, lili, amarilis da foinsetiya, kuma ko wanda ba guba ba ma na shago yawanci an fesa masa magani. Masu kafa bishiyar Kirsimeti su kewaye ta da shinge, su hana shi shan ruwan da ke gindinta, kuma kar a ajiye kyautar da ke da cakulan a ƙasa don zai ji ƙamshin ta cikin kwali ya huda.

Mataki na takwas, lokaci da ruwa da hayaniya

Zomo ya fi cin abinci da asuba da kuma faɗuwar rana, ka sa ƙararrawa a waya don hidima kar ta sa ka manta. Ruwa a canza kullum, ni na fi son kwano mai nauyi don sun fi sha a ciki, in kuma kwalba kake amfani da ita ka taɓa bakin da yatsa ka tabbatar tana ɗiga. Inda ake sanyi sosai a duba kar ruwan ya daskare, inda ake zafi kuma ko ɗakin ya ɗau zafin girki da jama'a a kula, zomo ya fi jure sanyi a kan zafi, in zafin ɗakin ya doshi digiri 30 na ma'aunin Celsius yana cikin haɗari.

Tsoro kaɗai yana hana zomo ci ko ba a ba shi komai ba. Kiɗa mai ƙarfi, ihun yara, karen baƙo, nokawut da wasan wuta da dare. Ka rufe taga ka saki labule, ka cika masa maɓoyarsa da ciyawa yadda ko ya ƙi fitowa zai ci daga ciki, kar kuma ka jawo shi waje wai za ka lallashe shi.

In tafiya za ka yi, kar ka tara masa abincin kwana uku ka kulle ƙofa. Ka samu wanda zai leƙa sau biyu a rana, ka auna felet ɗin kowace rana a ƙulla daban-daban, ka rubuta masa komai a takarda, ka nuna masa yadda lafiyayyen kashi yake da idonsa.

Mataki na tara, ka duba kashi safe da yamma

Wannan shi ne abin da zai fara gaya maka gaskiya. Lafiyayyen zomo yana yin ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, zagayayyu, busassu, girmansu ɗaya, in ka murƙushe ka ga burbushin ciyawa. Akwai kuma wani mai laushi mai sheƙi kamar curin inabi, wannan shi yake cinye abinsa kai tsaye daga jikinsa kuma yana buƙatarsa, in ka fara ganinsa a zube ko ya manne masa a gindi to kayan daɗi sun yi yawa, ka janye zaƙi ka rage felet ka ƙara ciyawa. Ka share wajen kashin kowace safiya don ka iya gane sabo da tsoho.

In ƙwayoyin suka ƙanƙance ko suka ragu, ko ya ƙi abin da ya fi so, ko ya takure yana danna ciki a ƙasa, ko kana jin yana goga haƙora da ƙarfi, ko kunnuwansa sun yi sanyi, to ka fara kiran likita. Zomon da ya kai awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, wannan gaggawa ce, ba a cewa bari a ga gobe, ni yanzu ko awa 8 ba na bari ta cika. Zawo mai ruwa ma haka, musamman ga ƙanana.

In ka kama shi yana cin abin da bai kamata ba, ka ɗauke sauran, ka lura da me ya ci da yawansa da ƙarfe nawa, ka kira likita nan take ko da yana tsalle lafiya lau, don wata gubar sai bayan awanni take nunawa. Kar ka yi ƙoƙarin sa shi amai, kar ka ɗura masa mai ko madara, kar ka ba shi maganin mutane, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin in aka ba zomo ta baki suna iya kashe shi. In cikin ya kumbura ya yi tauri kamar ganga kar ka ɗura masa abinci da sirinji, ƙila toshewa ce, sai likita ya duba ya ce a ba shi. Ka sa shi a akwatin ɗauka da tawul da ciyawa, ka lulluɓe don ya ji ɗumi, in yana da abokin zama ku tafi tare da shi, ka ɗauki ledar abin da ya ci ko reshen furen, da 'yan ƙwayoyin kashinsa na ƙarshe a takarda ka nuna wa likitan.